Zaren da Ya Tona Asirin Hambali

A Yawuri, can bakin kogi, akwai wani saurayi Hambali da ke haɗa sandunan fatsa a rumfar Baba Magawata. Gwani ne: ya fere gora, ya jera mata zobban da igiya ke bi, ya naɗe ƙafar kowane zobe da zare har ka rantse inji ne ya yi. Sai dai fa bakinsa kamar an ɗinke. Tun bara yake son Barira, 'yar mai rumfar, wadda ke kawo musu tuwo kullum, amma iyakar abin da ya taɓa ce mata shi ne "Sannu." Maimakon magana, kafin ya naɗa zare sai ya rubuta sunanta a jikin gorar, ya rufe da baƙin zaren auduga, ya bi da banish, man ƙyallin nan na kafintoci. Ga shi kuma labari ya bazu cewa wani mai kwale-kwale na shirin turo manyansa neman aurenta.

Ran nan wani baƙo daga Legas ya ba da aikin sanda, ya kawo nasa farin zaren siliki, ya ce shi kaɗai yake so. Hambali bai taɓa aiki da siliki ba. Ya rubuta abin da ya saba, ya naɗe tsaf, ya duba, sunan ya ɓuya. Baba Magawata ya ce aikin baƙo ne, shi zai shafa banish da hannunsa.

Buroshi na taɓa zaren, sai silikin ya shanye man, ya koma garau kamar ruwan randa. Baƙaƙen haruffa suka fito raɗau. Hambali ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Tsohon ya gyara tabarau, ya kai sandar wajen haske, ya karanta a hankali kamar mai koyon baƙi.

"Kai Hambali, baƙon nan Barira sunansa?"

"A'a, Baba."

"To matarsa?"

"Ban... ban tambaye shi ba, Baba."

Baba Magawata ya bi zobban ɗaya bayan ɗaya da buroshi. Kowane ya shafa, sunan Barira ya leƙo.

"Ikon Allah! Sauran sandunan da muka sayar fa?"

Hambali ya sunkuyar da kai. "Duk haka suke, Baba."

"Wato duk mai fatsa a garin nan da sunan 'yata yake kama tarwaɗa, ni ubanta ban sani ba! Shi ya sa ake ta yabon sandunanmu da sa'a."

Ana cikin haka sai ga Barira da kwanon tuwo. Ta yi sallama, ta durƙusa ta ajiye, idonta ya sauka kan sandar. Ta kalle ta, ta kalli Hambali, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Tsohon ya yi gyaran murya. "To, ga ni ga ka, ga kuma mai sunan. Mutanen mai kwale-kwale na nan tafe. In da magana a bakinka, fito da ita yanzu, kada ka zo kana yi mini kuka a rumfa."

Hambali ya buɗe baki. Ya dubi Barira, da ƙyar ya ce, "Sannu."

Barira ta ɗauki gwangwanin banish ta girgiza shi a kunnenta.

"Baba, tun bara nake malala masa man shanu a tuwo, bai nuna abin da ke cikinsa ba. Da sauran wannan, ko a gwada shafa masa?"