Turken Rumbun Dutse

A wani daji da ke bayan tsaunuka, akwai wani kogo da dabbobi ke kira Rumbun Dutse. A nan kowa ke ajiyar hatsinsa da irin shukarsa. Ƙofar kogon ba ta da makulli ko mai gadi, sai wani turke na itacen ƙirya da ke can ƙasa ta hannun hagu. Ka taɓa shi da kofato, ko ƙaho, ko baki, sai ka ji ƙwas, ƙofa ta wangale, ga ɗakuna nan a jere, kowa ya nufi nasa. Turken ya sha shafa har ya yi sulɓi kamar taɓaryar tsohuwa.

Babu wanda ya kai Inna Tabawa sabo da turken nan. Ɓauna ce dattijuwa, tun tana 'yar maraƙa take bin uwarta zuwa rumbun. Kowace safiya takan buɗe ƙofa ta bar ta a buɗe iska ta shiga, ta leƙa wani tulu da ke ɗakinta. A cikinsa akwai irin gero mai farar zangarniya da ta gada wajen uwarta, kuma duk dajin babu mai shi sai ita. Bana ma ta ajiye shi tana jiran ruwan shuka.

To, sai birai suka shigo da wasu 'yan akwatuna masu murfin sulɓi, waɗanda suke ratayawa a reshe. Ka shafa murfin da yatsa, ya zame, ka ɗauki tsamiyarka. Abin ya burge Majalisar Gyara, mai kula da al'amuran dajin, kuma da ma shugabanta gwaggon biri ne, Barmo, mai yatsu goma lafiyayyu. Ya tara jama'a a gindin kuka.

"Jama'a," in ji Barmo, "zamani riga ne. Ya za a yi a ce akwatin kan reshe ya fi rumbun gari ci gaba? Mun yanke shawara, za a cire turken nan, a kafa falalen dutse mai launi-launi. Kowane launi ɗaki ne. Ka shafa da yatsa, ɗakin ya buɗe maka. Abin da ya yi wa biri a sama, zai yi wa kowa a ƙasa."

Inna Tabawa ta miƙe da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara.

"Ranka ya daɗe, me turken ya yi?"

"Bai yi komai ba, Inna. Ya tsufa ne."

"Ni ma na tsufa, amma ban ji an ce za a cire ni ba tukuna. Da tsohuwar zuma ake magani. Ku dubi ƙafata. Allah bai ba ni yatsa ba, kofato ya ba ni, kuma ban taɓa yi masa ƙorafi ba. Ku bar wa birai falalensu, ku bar mana turkenmu a gefe. Ai rumbun yana da faɗi."

Hawainiya, wadda aka ba aikin zaɓen launuka, ta juya ido ɗaya ta dubi tsohuwar, ɗaya idon yana kan shugaba. "Inna, sabo turken wawa ne. Kwana kaɗan za ki koya, har ki manta an taɓa yin wani turke."

Kafin sati ya zagayo an gama aiki. Kuma a faɗi gaskiya, falalen ya yi kyau: ja, kore, ruwan ɗorawa, shuɗi, sai ƙyalli yake. Birai suka yi ta shafawa suna ihu. Masu kofato kuwa suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Inna Tabawa ta kai kofato ƙasa ta hagu, inda ta saba, ta taɓa iska. Ta shafa falalen da kofato, shiru. Ta goga hanci, sai ɗakin zomo ya buɗe, ya kuma rufe kafin ta ɗaga kai. Da wani ɗan biri ya ji tausayinta ya shafa mata, ɗakin bushiya ya buɗe, don Hawainiya ta riga ta sake launukan, kuma ko ita ba ta tuna wanne ne na wa ba.

Tsohuwar ta koma inuwa ta zauna kusa da Gwanki Ɗantani, abokin hirarta tun ƙuruciya.

"Ka tuna lokacin da muke buɗe ɗaki uku lokaci guda?" ta ce. "Ina auna gero, kana gyara wake, muna hira ta ƙofa."

"Na tuna, Tabawa. Har ƙarar turken nake ji a kunnena."

"Wallahi kewarsa nake ji kamar ɗan'uwa. Uwata ce ta ɗora kofatona a kansa ranar farko."

Hadari ya haɗu, ruwan shuka ya sauka. Kowa ya fita gona, ita kuwa tana bakin rumbu. Masu kofato suka yi gayya zuwa majalisa, Inna Tabawa a gaba.

"Ranka ya daɗe, ƙasa ta jiƙu, irina yana ciki. Kuma kogon nan yana son iska, rabonsa da ita tun da aka kafa falalen, don yana rufe kansa da kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ban zo faɗa ba, roƙo na zo. Ku mayar mana da turken."

Barmo ya gyara zama. "Inna, majalisar nan mai sauraron jama'a ce. Mun ji kukanku. Za a mayar da turke."

Sai da gero ya kai gwiwa a gonakin jama'a aka kira taron buɗewa. Ga turken nan kuwa, can ƙasa ta hagu, shi ɗin dai na da, har an shafa masa mai. Inna Tabawa ta ji ƙwalla ta cika mata ido. Ta matsa a hankali, ta ɗora kofato. Ƙwas! Ta ɗaga kai tana jiran ƙofa. Ƙofa ba ta motsa ba. Falalen ne ya haskaka, launuka suka fito reras, suna jiran yatsa.

"Turke kuka ce a mayar," in ji Hawainiya, "ga shi an mayar."

Barmo da kansa ya yi ta shafawa har ya dace da ɗakinta. Wari ya fara fitowa kafin kowa ya shiga. Tulun yana nan inda ta bar shi, amma laima ta cinye shi. Geron ya tsiro a cikin duhu, fari fat, ya kuma ruɓe a tsaye. Inna Tabawa ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi kuka ba, sai ta tuna da uwarta, ta ce, "Inna, ki yafe mini," ta juya ta fita. Har yanzu takan bi ta wajen da safe, ta taɓa turken don ta ji ƙarar, sannan ta wuce kiwo.

A taron kaka, Barmo ya ce majalisa ba ta tilasta wa kowa, don haka duk wanda bai gamsu da gyaran ba ya ɗaga yatsa. An duba gaba, an duba baya, ba a samu ko ɗaya ba.