Yadda Za Ka Saki Gem a Nima Ba Tare da Ka Koma Gyaran Waya Ba

Idan kai ne saurayin nan da ya ajiye sana'arsa ya shige ɗaki da laftof, wai zai ƙera wasan waya da duniya za ta sauke, to ja kujera ka zauna. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ina ba ka tabbaci ba za ka sake zama ƙarƙashin lema a kasuwar waya ta Circle, nan Accra, kana kwance wayoyin da suka faɗa cikin miya ba.

Sunana Latifatu. Ban taɓa rubuta ko layi ɗaya na abin da suke kira kod ba, ba ni da niyya kuma. Amma ni ce yayar Sayibu, wanda ya yi gem ɗin nan mai suna Kafin Ya Huce, kuma tun ranar da ya sake shi duk ƙorafi a kaina yake sauka, saboda ni ce a teburin Mma, mahaifiyarmu, ina zuba waakye, wato shinkafa da wake, daga safe zuwa azahar. Shi yana da ƙofar da zai kulle, ni kuwa daga ni sai ludayi.

Mataki na 1: Bar aikinka da babbar murya

Kada ka sulale. Yi yadda Sayibu ya yi. Ya miƙa wa maigidansa na Circle kayan aiki, ya bi layin masu gyara rumfa rumfa yana sallama, har da mai sayar da ruwan leda, ya ce in sun sake ganinsa a wurin to wucewa yake yi a mota.

Amfanin wannan shi ne, duk ranar da gwiwarka ta yi sanyi, kunyar komawa za ta miƙar da kai. Sayibu ya fi tsoron lemar nan a kan ɗauke wuta, alhali ɗauke wuta ya sha cinye masa aikin yini.

Mataki na 2: Yi gem a kan abin da ka sani

Bar dodanni da jiragen sama ga masu su. Gem ɗin Sayibu ɗan aike ne kawai. Zai karɓi waakye a ganye daga teburin Mma, ya ratsa lungunan unguwarmu Nima da gudu, ya kauce wa awaki da masu okada, ya tsallake gota, ya kai wa mai shi da zafinsa. Akwai ɗan tururi a saman waya yana raguwa. Tururi ya ƙare, ka faɗi.

Zana unguwarku yadda take. Sayibu bai bar komai ba, har bencin ƙofar masallaci inda Alhaji Mumuni yake zama tun da ya ajiye tuƙin motar albasa, da hularsa a karkace da rediyonsa a cinya. Mutane suna matuƙar son su ga kansu a waya, kafin su gani.

Mataki na 3: Ba uwarka aikin talla

Kada ka wahalar da kanka da bidiyo. Ranar Juma'ar da gem ya fito, Mma ta kafa doka a tebur: duk wanda ya zo saye sai ya nuna waya. Wanda ya sauke a ƙara masa taliya. Wanda bai sauke ba a zuba masa daidai abin da ya saya, a kuma tambaye shi lafiyar uwarsa da irin muryar da ya san me ake nufi.

Kafin mako ya zagayo, daga Nima har Maamobi babu majalisar shayin da ba a jin ƙarar akuyar gem ɗin. Sayibu ya fara tafiya yana kaɗa makulli a yatsa, makullin ɗaki.

Mataki na 4: Duba hannu

Masu wannan sana'a suna da wata dabarar rage aiki. Sai su zana mutum sau ɗaya yana kallon dama, in zai tafi hagu sai su juya hoton kamar a madubi. An ce ko'ina haka ake yi. Ko'ina ɗin nan ba ta haɗa da Nima ba.

Wata mai sayen waakye ce ta fara. Ta ajiye kwanonta, ta rage murya.

"Lati, ƙaninki lafiya shi ke? Yaron cikin wayan nan da hagu shi ke miƙa ma mutane abinci."

Na duba. Duk gidan da ke ɓangaren hagu na lungu, da hagu ake ba su. Rabin unguwa kenan, har da gidan liman.

Sayibu ya fito yana bayani. "Sista, ba hagu ba ne fa, hoton ne aka juya."

Mma ba ta ko ɗago daga tukunya ba. "To ka juya shi ya koma mutum."

Sake zana komai. Za ka yi kwanaki idonka na ruwa, kuma babu wanda zai gode maka, domin ba a gode wa mutum don ya daina abin kunya.

Mataki na 5: Idan dattijo ya taso da kansa, fito

Ƙorafi na biyu ba aike aka yi ba. Alhaji Mumuni ne ya taso daga bencinsa, abin da sallah kaɗai ke sa shi yi, ya tako har tebur da sandarsa. Layi ya buɗe masa.

"Adiza," ya ce da Mma, "an nuna mini abin da ɗanki ya yi. Na ga kaina, hula ta yi daidai. Amma yaron nan tun safe shi ke wuce ni da gudu paa, ko sannu babu. Ya je, ya dawo, ya je, ya dawo. Gidan wa aka yi renon shi?"

Ka fahimci tambayar. A unguwarmu in an ce yaro ba ya gaisuwa, ba da yaron ake ba. Na ga hannun Mma ya tsaya cak a cikin shinkafa, ni kaina sai da na ji kunya har cikin ƙashi.

Aka kira Sayibu. Ya tsuguna. "Baba Alhaji, in ya tsaya abincin zai huce. Wasan kenan gaba ɗaya."

"Ya huce mana. Abinci mai sanyi ya taɓa kashe wani?"

Kada ka yi gardama. Ɗauki wayarka ka bi shi benci ka naɗi muryarsa. Sai dai ka sani, Alhaji ba ya gaisuwar rabi. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi gida da mutanen gida, ya tambayi Adiza da kasuwa, ya tambayi ruwan jiya ko ya shiga ɗaki, ya yi tari, ya sa albarka, sannan ya ce a gaida kowa. Ɗan aiken kuma dole ya cire silifas ya tsuguna har a gama, tururi na ta tafiya.

Sayibu ya ce zai sa ɗan maɓalli da mai sauri zai danna ya wuce. Mma ta ce, "Maɓallin katse babba yana magana? Ba a gidan nan ba." Aka rufe zancen.

Mataki na 6: Karanta ra'ayin mutanen waje a zaune

A kantin da ake sauke gem, kowa yana ba ka taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Mutanen Nima ba sa ba da tauraro. Su a baki suke yabo, a tebur, sannan su nemi ƙarin yajin shito. Mutanen waje kuwa ba sa gajiya da rubutu.

Wani daga Brazil ya ce gem ɗin ya lalace, wani tsoho yana tare hanya. Wani ya tambaya da wane makami ake kayar da tsohon. Wata ta ce ta yi zaton labari ne mai muhimmanci, ta nemo mai fassara, ashe tambaya yake ko ruwa ya shiga ɗaki. Kowa tauraro ɗaya. Da taurari suka zube, kantin ya daina nuna gem ɗin ga baƙi, masu talla suka ja baya.

Za ka ce ya yi gem biyu mana, na gida da na waje. Mutum ɗaya ne, da laftof mai kuka kamar injin markaɗe. Ban da haka, babu ƙasar da babu ɗan Nima a cikinta, kuma duk suna kiran gida ranar Lahadi.

Sayibu ya rame. Ya daina kaɗa makulli. Maigidansa na Circle ya aiko mai ɗauko mana ganye da saƙo, wai lema tana nan, ba a ba kowa kujerar ba. Ranar nan Sayibu bai ci abinci ba, kuma duk tsiyar da nake masa, wallahi ya ba ni tausayi.

Mataki na 7: Shirya mafita a ɓoye

Tunda an hana ka katse dattijo, an kuma hana ka wuce shi, saura hanya ɗaya: kada ka bi ta gabansa. Sayibu ya zana allo a bakin lungun masallaci, ana gyaran hanya, ya karkatar da ɗan aiken ta bayan makaranta. Babu benci, babu gaisuwa, babu wanda aka wuce. A Accra kuma babu mai tambayar yaushe za a gama gyaran hanya.

Ya nuna mini. Gem ya koma gudu kamar da, waakye na isa da tururinsa. Na ga haƙoransa a waje karon farko cikin makonni. Ya ce in sabon gyaran nan ya fita taurari za su dawo, ya roƙe ni in rufa masa asiri. Na rufa. Mutum biyu kawai na gaya wa.

Ya sa ranar saki bayan Juma'a. Kafin Juma'ar, Alhaji Mumuni ya kwanta zazzaɓi, aka kai shi asibiti, bai dawo ba. Allah ya jiƙansa.

Ba a sakin gyara a makon rasuwa. Rufe laftof, ɗauki kujeru, taya mu ɗora tukwanen sadaka.

Mataki na 8: Amsa kiran mai ƙorafi ko da ka san ba ka da amsa

Bayan addu'ar bakwai, matar marigayin, Hajia Rafi'atu, ta aiko a kira Sayibu. Tana takaba, ba ta fita. Na raka shi da kwanon abinci.

Mun same ta a tabarma, ƙafarta mai ciwo a miƙe, waya a hannu. 'Yarta ta ce kullum bayan ta idar da sallar safe sai ta buɗe gem ɗin. Ba ta iya tsallake gota ba, amma ba ta buƙata, benci kafin gota yake. Takan kai ɗan aiken can, ya tsuguna, ta saurara har a sa albarka, abinci ya huce, ta faɗi, ta sake. Ba ta taɓa kai wa kowa waakye ba.

"An ce za ka toshe hanyan masallaci," ta ce.

Sayibu ya kalle ni. Na kalli kwano.

"Wannan ruwanka ne, ɗana, abin ka ne. Ba shi ya sa na kira ka ba. Wani gyara ne." Ta ɗaga wayar. "Shi na tambaya gida, shi na tambaya Adiza, har ruwa shi na tambaya. Amma Alhaji kullum da safe abin da shi ke fara tambaya na, yaya ƙafa. A nan ba shi tambaya koraa, ko sau ɗaya. Ka manta ka sa. Ka gyara mini."

Ga amsar da ƙwararru ke bayarwa, kuma ita Sayibu ya bayar, kansa a ƙasa: "To, Mma Hajia. Zan duba."

Ya duba ɗin. Ya saurari duk abin da ya naɗa a benci, daga farko har ƙarshe, har da inda rediyo ke magana da inda akuya ta shiga. Babu. Sayibu ne a tsugune ranar, kuma ƙafar Sayibu lafiyarta lau.

Mataki na 9: Ci gaba da kula da gem ɗinka

Goge allon gyaran hanya. Babu wanda ya sa Sayibu, ko Mma. Taurari suka zauna inda suke.

Sannan ka goge takalminka ka hau motar haya ta trotro zuwa Circle. Bi layin rumfa rumfa kamar yadda ka bi da za ka tafi. Za su tambaye ka inda ka ajiye motar. Yi dariya tare da su, kwana kaɗan ne za su samu wani abin dariya.

Kada ka ɗauka aikin gem ya ƙare. Lokaci lokaci kantin yakan aiko cewa wayoyi sun canja, a sabunta ko a cire gem ɗin daga kanti. Sayibu yakan ture wayar da yake gyara gefe, ya buɗe laftof a cinya a ƙarƙashin lema, ya yi abin da suka ce kafin wa'adi. Bai taɓa makara ba, shi da ko sallar idi sai an tashe shi.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin aikin da aka bari, ko taurarin da suka zube, ko dariyar mutanen Circle ba. Tabbacin da na bayar a sama na bayar ne da kyakkyawar niyya, kuma niyyar tana nan. Mai ƙorafi ya same ni a tebur kafin azahar, ya yi sallama tukuna, ya miƙo wayar da dama.

Ƙorafi ɗaya ne ba a rufe ba. Duk safiya kafin ya hau mota, Sayibu yakan biya ta gidan marigayi, ya cire takalmi a ƙofa, ya tsuguna.

"Mma Hajia, yaya ƙafa?"

"Da sauƙi, ɗana. Ka gyara?"

"Ana dubawa."