Bargon Jikan Hajiya

Shekara goma sha biyar ina ɗinki a Adjamé, don haka da Hajiya Rabi ta zo daga Treichville tana son bargo mai auduga a ciki don jikanta, na ce wannan ai wasa ne. Na kwaso ragowar guntayen auduga na jera baki da baki. Maƙwabcina Sani ya leƙo ya ce, "Patron, ɗinke su tukuna." Na ce, "Ni za ka koya wa sana'a?"

Wanki ɗaya aka yi, audugar ta dunƙule a kusurwa guda. Hajiya ta ɗaga shi a ƙofar shago: "Malam, bargo na ce ko filo?"

Har yau ko tasin woro-woro na tsayar, sai wani ya ƙwala, "Sannu, Mai Filo!"