Ladi Ta Rasu da Ledarta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗaki mai cike da shiru, ni Musbahu Jibir na bayan tashar jirgin ƙasa, Kafanchan, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, in da sauran masu karanta saƙona har ƙarshe, rasuwar kwamfutata ta fari, Ladi. Rai ya yi halinsa ranar Lahadin da ta wuce, da ƙarfe uku saura kwata na rana, ana tsakiyar ruwan sama, bayan doguwar jinyar zazzaɓi. Ta rasu tana da shekara ɗaya da wata biyu.

Na tambayi kawuna ko ya halatta a ce Allah ya jiƙan na'ura. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in je in nemi aure. Saboda haka ba za a yi wa marigayiya addu'a a wannan takarda ba, sai dai a faɗi alherinta, tun da wannan kam ba wanda ya hana.

Ba a kanti aka sayo Ladi ba. Haɗa ta muka yi da hannunmu, gaɓa-gaɓa, ni da aminina Celestine, wanda muka yi firamare da sakandare a benci ɗaya. Wata tara cif muna tattara kayanta, kamar kowane ciki. Wani ɓangaren ya zo daga Kaduna, wani daga Jos a ƙarƙashin kujerar direba, katin hotonta kuwa na hannu ne, ya ga duniya kafin ya zo gare mu. Wata Lahadi, Celestine ya taso daga coci, ni na idar da azahar, muka baje komai a kan tabarmar mahaifiyata Nene, muka duƙufa har la'asar sakaliya. Da na danna maɓalli, fankokinta suka juya, ta ce "ƙit" sau ɗaya tak, wanda a yarensu yake nufin an sauka lafiya. Celestine ya yi tsalle har ya buge ƙwan fitila. Muka sa mata Ladi saboda ranar haihuwarta, kuma saboda suna ne da yake gidan kowa: yana da goggo Ladi, ni ma ina da tawa.

Marigayiya mace ce mai haƙuri. An ɗauke mata wuta tana tsakiyar aiki ba sau ɗaya ba, ba sau hamsin ba, ba ta taɓa riƙe kowa a zuciya ba. Ta zauna a ɗakin da ke jikin sitonmu na citta, inda baƙo ba ya minti biyar bai yi atishawa ba, ita ko tari ba ta taɓa yi ba. In na dawo daga shago na tarar ba mai ce mini sannu da zuwa, ita takan ce "ƙit", sannan ta ja numfashi "fuuu", kuma Allah ya sani hakan yana isata.

Kyau kuwa, wanda ya leƙa ta gefen gilashinta ya san an yi mata gata. Celestine ne ya yi aikin wayoyinta. Ni da an bar ni, cusa su zan yi kamar taliya in rufe murfi. Shi sai da ya bi da kowace waya ta baya, ya haɗa na wuta wuri guda, na fanka wuri guda, ya ɗaure su da 'yan robobi baƙaƙe guda ashirin da uku, ya datse bakin kowanne da abin yankan farce. Ya ce iska ma tana son hanya, in ka tare mata ba ta wucewa. Nene ta leƙo ta gani, ta ce wannan ai kitso ne, kuma ya fi wanda ake yi mata a unguwa.

Ladi tana da wata huɗu Celestine ya sami aiki a Fatakwal. Na raka shi tashar mota, muka yi alkawari ɗaya: duk Lahadi ƙarfe biyu za mu haɗu a cikin wasanmu na intanet, wanda mutum huɗu suke zama runduna guda. Daga nan marigayiya ta ɗauki babban aikin rayuwarta, wato sada zumunci. Ba mu iya waya ba, ni da shi. In mun kira juna, daga ya aiki, ya ruwa, sai shiru. Amma a cikin wasa, da abin ji a kunne, mukan yi awa uku muna surutu. A nan na ji labarin mai gidan hayarsa, a nan na gaya masa abin da ban gaya wa kowa ba game da rasuwar babana. Kwanaki shida na mako ina shago ina auna citta ina jiran ranar Ladi.

Game da ciwon ajalinta, gaskiya tun tana jaririya jikinta da ɗumi. Zaune kawai take, ma'aunin zafinta yana nuna digiri sittin da wani abu. Na ce zafin gari ne. Na ƙara mata fanka biyu. Na cire murfin gefe. Na aro fankar tsaye ta Nene na saita ta a kanta, ni ina gumi ita tana shan iska. A banza.

Sai ta fara nauyin jiki. Ana tsakiyar fafatawa, mutumina na cikin wasa ya ƙame kamar gunki, a harbe shi a tsaye. A lokacin Celestine ya yi sababbin abokai a can, cikinsu har da wani Alexander mai na'ura kamar aljani. Nakan ji muryar Celestine a kunne, da dariya amma ba dariya ba: "Mutumina, ka sake yin hang fa. Wallahi kana kashe mu." Wata Lahadi na shiga na tarar rundunar ta cika mutum huɗu. Aka ce in jira zagaye na gaba. Na jira har aka kira magariba.

A makon nan na aikata abin da masu sana'ar suke kira obakulok, wato tilasta wa ƙwaƙwalwar na'ura ta yi gudun da ya wuce wanda maƙeranta suka yanka mata. Na kalli bidiyo uku, na ɗauka na zama malami. Na shiga can cikin saitinta na ƙara gudu. Ta ɗauke. Na ƙara mata ƙarfin wuta don ta jure. Ta fito da gargaɗi, na kashe gargaɗin, yadda mutum yake cire batirin agogon da ke tashinsa. Ranar Lahadi aka ba ni gurbi, don Alexander ya tafi biki. Minti arba'in Ladi tana gudu kamar ba ita ba. Celestine ya ce, "Yauwa, yanzu ka dawo!" Fankokinta suna ta "wuuuu" kamar jirgin kaya zai hau tudu, ma'auni ya wuce ɗari, ni kuwa ina gani na kau da kai. Sai ta ce "tak". Allo ya yi baƙi, muryar da ke kunnena ta yanke a tsakiyar kalma, wani ƙauri ya tashi ya danne warin citta. Garin neman ƙiba na samo rama.

Jama'a da dama sun yi saurin ɗora laifi a kan masu ba da wuta. Adalci ya sa in faɗa cewa a wannan karon ba su da hannu.

An kai gawar wurin Anti Doreen mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa, a cikin keke napep, a kan cinyata. Ta kwance kular, ba ta abinci ba, wancan tulin ƙarfe mai fanka da ake ɗorawa a kan ƙwaƙwalwar don ya zuƙe zafi. Ta juya gindinta, ta sa farce ta ɓanɓaro wata siririyar leda da ta ƙone ta yi ruwan ƙasa. Ta ɗaga ta sama ta ce, "Yesu! Musbahu, wane ne ya bar wannan? Kwamfuta naka shekara ɗaya yana sanye da leda a cikin wuta. Duk slow da kake gani, kansa yake karewa kar ya ƙone. Da ka cire wannan, ba ya bukatan ƙarin gudu ko kaɗan."

A nan ya wajaba in yi ikirari a gaban jama'a. Ranar haɗa ta, aiki ɗaya Celestine ya ba ni yana can baya yana kitso: in ɗiga man sanyaya kamar ƙwayar wake, in ɗora kula, in ɗaure. Na ga ledar. Na ga jan rubutun da ke kanta yana cewa a cire kafin a ɗora. Na karanta, na kuma fahimta. Amma ni ɗan gidan da ba a tuɓe sabon abu ne. Kujerun Nene shekara goma sha biyar suna cikin ledarsu. Rimot ɗinmu a leda yake, agogon bango a leda, katifar baƙi in ka juya sai unguwa ta ji. Hannuna ya kai, zuciyata ta ce abu sabo fil, mai sheƙi haka, ka ɓare shi ya tsufa? Na ce ai haka suke rubutawa a jikin komai. Na ɗora, na ɗaure tam, na ce wa Celestine an gama.

Marigayiya ta rasu ta bar allo ɗaya, wanda tun ranar ba abin da yake nunawa sai fuskata. Da kibod mai haruffa huɗu da suka goge. Da tagwayen ram, 'yan sandunan da ke riƙe mata tunani, suna cikin ƙoshin lafiya. Da tsohon katin hoto, wanda wannan ce uwar ɗakinsa ta biyu da ya binne. Da fankoki biyar da suka yi iya ƙoƙarinsu. Ta bar kujeru biyu a gaban tebur. Ɗayar wata goma ke nan kaya nake ɗorawa a kai.

Iyali suna godiya ga waɗanda suka yi ta'aziyya, su uku. Anti Doreen ta ce in ɗauki haƙuri. Nene ta ce in gode Allah, da ba don ledar ba da ƙura ta kashe ta tun tuni, sannan ta karɓe fankarta. Celestine ya turo hoton fuska mai hawaye da kalma biyu. Na rubuta masa bayanin ledar dalla-dalla, na ce ko zagina zai yi mu yi dariya. An nuna mini ya karanta tun ranar Talata.

Dangane da jana'iza, a al'adar gidanmu wanda ya rasu da hantsi ba ya kai la'asar a waje. Amma Ladi 'yar gida biyu ce, kuma a dangin su Celestine akan ajiye mamaci har sai na nesa sun iso, ko da za a yi wata uku. A wannan karon nasu za a bi. Anti Doreen ta ce wutar ta taɓa har faifan da komai yake zaune a kai, kuma ba a fitar da shi sai an yanke robobin nan ashirin da uku. Ta ɗauko almakashi, na riƙe hannunta. Wanda ya yi kitso shi yake tsefewa.

Saboda haka gawar tana ɗakina a kan tebur, an lulluɓe ta da zanen gado, ba da leda ba. Za a ci gaba da zaman makoki duk Lahadi daga ƙarfe biyu na rana. Ba a bukatar abinci, ba a bukatar rumfa, kujera ɗaya ce ta baƙi kuma na sauke kayan da ke kanta. Kirsimetin bara babban mai makoki, Celestine, bai samu zuwa ba, ana sa ran na bana. Za a sanar da ranar binnewa da zarar ya kira, kuma ba sai yana da abin cewa ba. Lambata ba ta canza ba.

Sanarwa daga Musbahu Jibir, a madadin iyalai biyu.