Ƙwai Goma Sha Biyu a Bakin Raƙumi

Shekarar da na gama ajin yaƙi da jahilci, ni ce mai karanta wa matan unguwarmu a Dayi wasiƙun da 'yan uwansu ke aiko musu daga Kaduna. A lokacin, duk abin da na gani a rubuce, gaskiya ne a wurina.

Ina shara na tsinci wata takarda da rubutun 'yata Binta, wadda ke kwalejin horon malamai. An rubuta: "Raƙumin da ya ci dafaffen ƙwai yana ɗaukar buhu goma." Na ce ikon Allah, ilimi kogi ne!

Da kaka ta yi, mai raƙuma ya zo kwasar dawarmu. Na dafa ƙwan zabina goma sha biyu, na kira maƙwabta su shaida. Na ce masa, "Malam, ba raƙuminka waɗannan, sawu ɗaya zai kwashe." Ya ce, "Hajiya, a ina kika ji?" Na ce, "A rubuce yake."

Raƙumin ya shinshina, ya yi gurnani, ya fesa mini kumfa har cikin mayafi. Mai shi ya zauna ya cinye ƙwan tas.

Ashe wata ƙasa ce Binta da ƙannenta suka ƙago, suka zana a kwali suna wasa kamar lido, da raƙuman laka. Dokar wasan na tsinta.

Har yau in na buɗe wasiƙa, sai maƙwabciyata Iya Talatu ta ce, "Malama, wannan labarin Kaduna ne, ko na ƙasar raƙumanku?"