Yadda Za Ka Kafa Sabobi Uku a Gajimare, Ka Kulle Kanka a Waje

Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari kafin sati ya zagayo za ka mallaki sabobi uku a gajimare, suna aiki babu hutu, kuma sunanka zai shiga bakin mutanen da ba su taɓa sanin kana duniya ba. Ba ji na yi ba. Ni na yi da hannuna a makarantar Gwaggona, inda nake gyaran firinta da tuna wa malamai kalmar sirrinsu.

Mataki na ɗaya: Gyaɗa kai

A taron malamai, Gwaggo, wadda ita ce mai makarantar, za ta ce ta gaji. Tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburinka, wadda iyaye ke shiga ta waya su duba sakamakon 'ya'yansu, tana sumewa duk ranar da aka saki sakamako. An gaya mata akwai wani abu wai shi gajimare. Za ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Kai ɗan nan, ka iya?"

Kada ka ce ka iya, ƙarya ce. Kada ka ce ba ka iya ba, malamai ashirin sun zuba maka ido. Gyaɗa kai kawai, a hankali, kamar likitan da ke duba hoton ƙirji. Ni har ƙarawa na yi da cewa, "Ai saba ɗaya ba za ta isa ba, Gwaggo, sai an haɗa uku." A ranar da safe na fara jin maganar.

Mataki na biyu: Nemi ilimi, amma kada ya yi yawa

Gajimare dai ba na sama ba ne. Wani ƙaton ɗaki ne na wani kamfani, cike da kwamfutoci, kai kuma kana amfani da wasu daga nesa. Saba kuwa kwamfuta ce da ba ta da aiki sai amsa masu tambaya. Idan ka haɗa uku, sai ka sa musu mai raba aiki a gaba, kamar mai gadi a bakin ƙofa: baƙo na farko ya tura shi wajen ta ɗaya, na biyu wajen ta biyu, na uku wajen ta uku, ya sake zagayowa.

Duk wannan a bidiyo na koya. Bidiyon minti arba'in ne, na kalli goma sha ɗaya. Mutumin yana cewa "yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci" ke nan sakatariya ta ƙwala mini kira, firinta ta cinye takarda. Ban koma ba. Gwani na gaske ba ya ƙarasa bidiyo, kada a ce a bidiyo ya koya.

Mataki na uku: Raɗa musu suna

A nan za ka ɓata rabin yini, kuma ya cancanta. Nawa Zaki, Damisa da Kura na sa musu. Na zana su a allon ofis, da kibiyoyi suna shiga suna fita. Gwaggo ta tsaya a gaban allon ta ce, "Ikon Allah." Ban taɓa jin daɗin aiki kamar ranar ba.

Mataki na huɗu: Gwada su

Zuba sakamakon gaskiya a cikin Zaki. Sauran biyun kuwa, don ka ga ko suna aiki, cika su da na wasa. A Damisa na ba kowane ɗalibi ɗari bisa ɗari. A Kura na ba kowa sifili, kuma a gurbin da malamin aji ke rubuta ra'ayinsa na rubuta wa kowa jimla ɗaya: "Ƙwaƙwalwar babu kowa a ciki, kuma gado ne."

Yi dariya kai kaɗai. Ni har da hawaye.

Daga nan kada ka goge komai. Ka ɗauka tunda 'yan gida ɗaya ne, Zaki zai gaya wa ƙannensa gaskiya da kansa. Ashe abin da mutumin bidiyo ke shirin faɗa ke nan: sabobi ba sa hira sai ka haɗa su da ma'ajiya ɗaya.

Mataki na biyar: Karɓi yabo da wuri

Ranar sakin sakamako, ƙarfe goma na safe, iyaye suka yo ca. Minti goma sha biyar babu abin da ya suma. Gwaggo ta aiko mini da shayi a kofinta na baƙi. Shanye shi da sauri, domin wayar ofis ta kusa fara ruri.

Wata uwa ta kira tana godiya, wai ɗanta da bai iya haɗa baƙi ba ya ci ɗari a komai. Wani ya kira bai yi sallama ba, tambaya ɗaya yake maimaitawa: gadon wa?

Kafin sha ɗaya, wani mai walda ya shigo ofis, gilashin aikinsa a goshi, riƙe da hannun 'yarsa 'yar aji biyar. Idanunta sun kumbura. Ya ajiye waya a teburin Gwaggo ya ce, "Malama, da na duba da farko ɗari na gani. Na rufe shago na gaya wa layinmu kaf. Maƙwabcina ya ce in nuna masa, na sake dannawa, ga abin da ya fito. Na yi wa yarinyar nan faɗan da ban taɓa yi mata ba. Yanzu wanne ne nata?"

Gwaggo ta karanta. Ta cire tabarau, ta goge, ta sake karantawa. Sannan ta juyo ta kalle ni.

Mataki na shida: Yi wani abu, ko mene ne

Kowace saba tana da ƙofofi biyu: wadda iyaye ke shiga, da wadda kai kake shiga ka yi gyara. Dabara ita ce ka rufe ta iyaye har ka share ɓarnar. Na danna, na tabbatar, na sake tabbatarwa.

Tawa na rufe.

Allon ya tsaya cak. Iyaye na ci gaba da shiga, mai raba aiki na ci gaba da aikinsa tsakani da Allah, duk mutum na uku yana miƙa shi ga Kura ta zage shi har da iyayensa. Ni kuma ina zaune ina danna maɓalli ɗaya da ƙarfi, don a ga ina aiki.

Mataki na bakwai: Kira wadda ya kamata ka kira tun farko

Ina da ƙanwa, Auta. Wannan aikin shi ne sana'arta, a wani kamfani take yin sa kullum. Ban neme ta ba saboda ni ne na riƙa korar ta daga gaban kwamfutar gidanmu tana ƙarama, ina cewa za ta lalata.

Shiga ɗakin ajiyar littattafai, ja ƙofa, yi magana ƙasa-ƙasa.

"Auta, wani abokina ne ya shiga matsala."

"Yaya, Gwaggo ta riga ka kira. Sabobi nawa ne?"

"Uku."

"Ɗalibai nawa?"

"Ɗari uku da ɗan wani abu."

"Yaya, ai ɗaya ma ta yi musu yawa. To, buɗe shafin kamfanin, inda ka ƙirƙire su. Me ka gani?"

"Zaki, Damisa, Kura."

Sai da na janye wayar daga kunnena har ta gama dariya. Sannan ta sa na cire biyun daga hannun mai raba aiki, ta nuna mini inda zan buɗe ƙofata, a shafin da nake kallo tun safe. Minti huɗu aka yi. Da na fara kame-kamen godiya ta ce, "Bar shi, Yaya. Ka dai daina taɓawa, za ka lalata."

Mataki na takwas: Fito

Mai walda na nan inda na bar shi. Na ce ya sake dubawa. Ya danna, ya kawo wayar kusa da ido.

"Ta huɗu?"

"Ta huɗu a aji," in ji Gwaggo. "Bara ta goma sha tara ta zo."

Ya danna sau uku, bai canza ba. Ya tsuguna a gaban 'yarsa, a tsakiyar ofis, ya ce, "Uwata, ki yafe mini." Yarinyar ta ɓoye fuska a kafaɗarsa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Da ya miƙe ya ce, "To wa ya rubuta maganar gado?"

A nan gwani zai ce gajimare ne. Na buɗe baki zan faɗa, na ga idon Gwaggo, na ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya.

Ya kalle ni daga sama har ƙasa ya ce, "Ni a aji huɗu na tsaya, ban musa ba. Amma uwarta ta gani, kuma ita ta zauna da yarinyar nan kullum har ta kai nan. Ita za ka je ka ba haƙuri."

Gwaggo ta ƙara da jerin sunayen duk waɗanda Kura ta gaisar. Gida sittin da biyu. Kwana uku na yi ina kira. Waɗanda Damisa ta ba ɗari sun fi wuyar sha'ani, don har yau akwai mai cewa an sace wa ɗansa maki.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da zai same ka, ko sabobinka, ko zumuncinka da gwaggonka. Wanda ya bi matakan nan ya ga daidai, to ya tsallake wani ne. Wanda ya ga ba daidai ba kada ya neme ni, kuma ba na ba da lambar Auta.

Lambar tata mutum ɗaya na taɓa ba. Da na je gidan mai walda, matarsa ta saurare ni har na gama, ta ce ta haƙura, amma da sharaɗi: yarinyar na son koyon kwamfuta. Na gyara zama, na fara murmushi, na ce Asabar ina da lokaci.

Ta ce, "A'a, Malam. Ƙanwar taka nake nufi."