Na Ce wa Direba Kasuwa Za Mu

Ba zan taɓa mantawa da zuwana Kaduna na fari ba, ko na so in manta ma Ladi ba za ta bar ni ba. Kada ku tambaye ni shekarar da lamba. Na dai san an riga an canza wa motoci hannu, an ɗauke fam da sule an kawo naira, farin nan da ya kwashe mana shanu ya wuce da damina biyu. Shekarar ce aka yi wa ɗakina rufin kwano, na farko a unguwarmu a Tsaskiya.

A lokacin, in ana maganar kunya da ni ake misali. Uwata Bafillatana ce daga dajin Ruma, ita ta hore ni: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi. Nawa ɗan farin ko goya shi ban taɓa yi gaban surukai ba. In zan yi zancensa sai in ce "wancan". Mai sunansa ma a gari sai da na laƙa masa wani sunan. Mata kan ce wa 'ya'yansu, "Ku je ku koyo wajen matar Malam." Ni kuma kaina ya yi ta kumbura, ba zan ɓoye muku ba.

To wancan ɗin Allah ya ba shi ƙafa. Yana makarantar horon malamai a Katsina sai ga wasiƙa, malamin firamare ya karanta a zaure: an zaɓe shi tsere, ranar Asabar ta sama zai yi gudu a babban filin wasa na Kaduna. Ubansa ya ce "to", ya ci gaba da tufkar igiya. Ni ina bayan danga ina sheƙar gero, na yi kamar ban ji ba. (Rabin geron kaji suka ci.)

Kwana biyu sai na tashi da cewa ina son zuwa Kaduna sayen atamfa. Atamfar da ke jibge a kasuwar Batsari! Malam ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce sai dai in tafi da ƙanwarsa Ladi, tunda ita ta taɓa aure a can ta san gari. Ladi kuwa abokiyar wasana ce, bakinta ba ya riƙe ko ruwa.

"Matar Yaya," in ji ta, "atamfar Kaduna ita ma gudu take yi?"

"Ke dai ɗauko gyalenki, uwar surutu."

Da ƙafa muka isa Safana, muka hau babbar mota mai bodin katako, a kan buhunan gyaɗa, har Dutsin-ma. Daga nan 'yar bas ɗin nan kiya-kiya ta ɗauke mu, Funtuwa, Zariya. Tafiyar da daɗi, jama'a. Kowa ya kwance ƙunshinsa a ci tare, wani ya miƙo dafaffen rogo, ni na miƙa dawo da ƙuli. Ba wanda ke waige don tsoron daji. Muka sauka Kawo, muka kwana gidan wata ƙawar Ladi.

Da hantsi muka fito titi, Ladi ta ɗaga hannu, tasi ya tsaya. Ban taɓa shiga ƙaramar mota ba. Kujera ta lotsa da ni har na ce "wayyo", na ɗauka rami ne. Gaba akwai wani ma'aikaci mai kwat yana karanta jarida. Direban dattijo ne mai furfura a gemu. Na fara gaishe shi, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya dabbobi, ya katse ni.

"Baba, lafiya lau. Ina za ku?"

Ga dabarar da na kwana ina ƙullawa. Ni zan ce kasuwa. Ladi goggonsa ce, ita ba kunya tsakaninsu, za ta ce a'a, filin wasa. Sai in yi tsaki in ce, "To tunda kin matsa." Kowa ya shaida jana aka yi.

Na ɗaga kai na ce, "Kasuwa."

Na jira. Ladi ta juya tana kallon benaye ta taga.

"Ladi, ko kina da inda za ki biya?"

"Ni? Rakiya na zo, matar Yaya. Direba, kasuwa ta ce. Layin 'yan atamfa."

Na mintsine ta a cinya. Ta ce, "Kai, sauron Kaduna har da rana cizo yake!"

Kalma biyu fa kawai suka rage in faɗa, filin wasa. Amma ina! In na faɗa, direba zai ce wa za ki kalla, kuma Ladi za ta kai labarin Tsaskiya.

Muka shiga hanyar kasuwa, muka tarar da abin da ban taɓa gani ba. Lokacin ne kuɗin mai ya shigo, kowa ya sayi mota. Manyan motocin siminti, sababbin babura, masu kura, duk sun cushe wuri ɗaya, ba gaba ba baya. Direba ya kashe mota, ya murɗa rediyo. Sai ga muryar wani yana magana da sauri kamar ana kora shi, bayansa ihun mutane. Ashe daga filin ne. Ya ce yanzu za a yi gudun zagaye huɗu, ya fara jero sunaye. Na biyar ya kira sunan wancan, ya ƙara da "ɗan Safana".

Bindigar fara tsere ta tashi. Zagayen farko na riƙe kaina, ina kallon wata mai tallan lemo. Na biyu na tsinci bakin gyalena cikin haƙorana. A na uku mai rediyo ya ce ɗan Safana na huɗu yake, da alama ya gaji. Ma'aikacin nan ya ninke jarida ya ce, "'Yan ƙauye ke nan, ba su san dabara ba."

Aka shiga na ƙarshe. "Ɗan Safana ya wuce ɗaya! Ya kamo na biyu!"

Wallahi ban san lokacin ba. Sai ji na yi wata mata tana kwarara sunan wancan, sunansa na yanka, sau uku, sau huɗu, tana dukan kafaɗar direba tana cewa, "Taka! Taka mana! Ɗana ne! Ni na haife shi!" Motar da ke kashe, a tsakiyar kasuwa. Ɗankwali ya faɗi. Masu kura suka leƙo ta taga. Da na dawo hayyacina na duba in ga wace marar kunya ce, sai na ga duk ni ake kallo.

Wancan dai na biyu ya zo a tseren.

Direba yana shafa kafaɗa ya ce, "Haba Baba! Ɗanki na gudu kika ce min kasuwa? Da ta bayan gari na bi, da tuni kina zaune a inuwa kina kallonsa."

Ma'aikaci ya ce, "Ki yafe ni, Hajiya." Ladi kuwa ta kwanta jikin ƙofa, tana dariya, hawaye shaɓe-shaɓe.

Da hanya ta buɗe, bawan Allahn nan bai sauke mu ba. Ya danna ham tun daga kasuwa har ƙofar fili, kansa a waje yana shela, "Ku ba da hanya, uwar ɗan Safana ce!" 'Yan sandan ƙofa suka dare, har da mai sara mini. Ni dai na ja gyale na rufe fuska, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Aka kira shi. Ya zo da ɗan gajeren wando, gumi na zuba, ya durƙusa gabana. Na juya ina kallon bango na ce, "Ladi, tambaye shi ko ya ci abinci."

"Tambaye shi da kanki. Ai kin san sunan, 'yan kura ma sun haddace."

Ya ɗago ya dubi goggonsa, ya gane. Sai ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Har yau ban san dariya yake ko kuka ba, ban kuma tambaya ba.

Wannan ne gudunsa na ƙarshe. Da shekara ta zagayo aka tura shi koyarwa, aure ya biyo baya. Dubban mutanen da ba su san zafin haihuwarsa ba sun ga gudun ɗana da idonsu, ni a rediyon tasi na ji. Tun daga ranar, in na shiga mota, kafin direba ya buɗe baki na gaya masa inda za ni, da wanda zan gani, da abin da ya haɗa mu.

Malam ya rasu, malamin da ya karanta wasiƙar ya rasu, direban ma na san ƙasa ta daɗe da rufe shi, Allah ya jiƙansu. Saura ni, sai Ladi da ba haƙori amma bakin na nan, sai wancan. Kullum da safe yakan zo gaishe ni, yana dogara sanda saboda ciwon gwiwa. Tun daga bakin zaure nake zuba masa ido har ya iso, ba na ko ƙiftawa.